Muhawara: Me ya kashe tsofaffin kalmomin Ingilishi na kayan itace, me kuma ya raya wasu?

Malam Sanusi:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Shekara 19 ke nan ina koyar da Ingilishi a makarantar sakandare, amma sai a makon jiya wani ɗalibina ya kawo mini kalmar da ban taɓa cin karo da ita ba, wato "treen". Ya gan ta ne a wani jerin kayan tarihi da aka sa a gwanjo a Ingila, inda aka tara cokula da kwanuka da ƙananan akwatuna duk a ƙarƙashin wannan suna. Da na bincika sai na tarar ma'anarta ita ce abin da aka yi da itace, daga kalmar "tree" da ɗafa-ƙeyar nan da ke cikin "golden" da "wooden". Daga nan na ci gaba da tono, na samu "trencher" da "mazer" da "piggin" da "firkin" da "besom", dukkansu sunayen kayan da kowane gida yake amfani da su a da, yau kuma Baturen Ingila da kansa sai ya duba ƙamus kafin ya san wasunsu. Ra'ayina shi ne mamayar da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066 ce ta jawo haka, domin Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kalmomin talakawa kuma suka koma baya. Ina neman masana su gyara mini idan na kauce.

Dakta Bilkisu:
Wa alaikumus salam, Malam Sanusi. Tambayar tana da kyau, amma kafin a amsa ta ya kamata mu raba abu biyu da aka cakuɗa. Akwai Tsohon Ingilishi a matsayin zango na tarihin harshen, wanda masana suke ɗauka daga wajen shekara ta 450 zuwa wajen 1150, akwai kuma kalmar da kawai ta tsufa aka daina jin ta. A cikin jerin da ka kawo, "treen" da "besom" ne suka fito daga wancan zango na farko. "Trencher" daga Faransanci ta shigo, "firkin" kuma daga harshen mutanen Holan, inda asalinta yake nufin kashi ɗaya cikin huɗu.

Game da "treen" ɗin kanta, akwai abin da Bahaushe zai fi saurin ganewa fiye da Baturen yau. A wancan zamani kalmar "treow" tana nufin bishiya tana tsaye, tana kuma nufin jikinta bayan an sare, daidai yadda muke cewa itace ga wanda ke daji da wanda ke murhu. Daga baya ne Ingilishi ya ware "tree" ga mai rai, ya bar "wood" ga wanda aka sare, sai "wooden" ta bayyana a ƙarni na 16 ta ture "treen" daga bakin mutane. To ka ga a nan babu hannun Normandawa ko kaɗan, domin wadda ta mutu da wadda ta gaje ta duk 'yan gida ɗaya ne, kuma abin ya faru kusan shekara 500 bayan mamayar.

Hamisu Damagaram:
Dakta, a yi mini afuwa, ni ina ganin Malam Sanusi bai yi nisa da gaskiya ba, kuma da yake mu a nan da Faransanci muka yi boko, muna jin amon kalmomin da kunnenmu. Kafin 1066 mai aikin katako a Ingila sunansa "treowwyrhta", wato ma'aikacin itace. Wa ya kore shi? "Carpenter" ce, wadda Normandawa suka zo da ita, kuma har yau a Faransanci "charpentier" ake ce wa mai haɗa katakon rufin ɗaki. Asalinta a Latin yana nufin mai ƙera keken doki. Ita ce kuma ta biyo Turawan mulkin mallaka har ta iso mu ta zama kafinta. Haka "trencher" take da dangantaka da "trancher", wato yanka, kalmar da duk mai sayen burodi a Yamai ya sani. Idan sunan mai sana'ar kansa ya canja zuwa na baƙi, ba za a ce baƙin ba su taɓa komai ba.

Malam Sanusi:
Madalla, Malam Hamisu. Abin da nake nufi ke nan, sai dai kai ka fi ni hujja.

Dakta Bilkisu:
Ban musa ba, Malam Hamisu, misalin kafinta daidai ne. Amma ku duba rabin kalmar na biyu, "wyrhta", wanda ya zama "wright". Bai mutu a 1066 ba. Ya rayu ɗaruruwan shekaru a cikin "wheelwright" mai ƙera ƙafar keke, da "shipwright" mai ƙera jirgin ruwa, da "wainwright" da "cartwright" masu ƙera keken kaya. Waɗannan sunaye sun fara dusashewa ne lokacin da ƙarfe ya karɓe aikin katako a jiragen ruwa, mota kuma ta kori keken doki, har wasunsu suka koma sunayen iyali, kamar yadda Cooper, mai yin ganga, da Turner, mai fafe itace da inji, suka koma.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce "trencher" ɗin da kuka kawo. Da Faransanci ne yake kashewa yana rayawa, da ita ta tsira, tunda jininsa ce. Amma ta mutu. Da farko ma ba itace ba ce: yankan busasshen burodi ne da ake ɗora nama a kai, idan ya sha romo a ci ko a ba mabarata. Daga baya aka mayar da ita faranti na katako, sau da yawa mai kusurwa huɗu, da ɗan rami a gefe na zuba gishiri. Sai farantin dalma da kuza ya shigo gidajen masu hali, sannan a ƙarni na 18 masana'antun tangaran na yankin Staffordshire, irin wadda Josiah Wedgwood ya kafa a 1759, suka sa farantin tangaran ya yi ta sauka a farashi har ya kai ga talaka. Abin ya bar kan tebur, sunan ya bi shi. Abin da ya rage shi ne "trencherman", wanda ake faɗa wa mutum mai ci da yawa. Haka "mazer", ƙoƙon sha da ake yi da itacen "maple" mai zane, masu kuɗi su sa masa baki na azurfa: gilashi da azurfa zalla ne suka binne shi.

Hajiya Rabi:
Ni ba masaniyar harshe ba ce, amma da yake ina zaune a Ingila, kuma ina yawan kai yara gidajen tarihi lokacin hutu, bari in faɗi abin da idona ya gani, don yana goyon bayan Dakta. A garin Reading akwai gidan tarihin rayuwar karkara, inda aka ajiye injin wani mutum mai suna George Lailey, wanda ya rasu a 1958. Shi ne ake ɗauka na ƙarshe a Ingila da ya ci abinci da sana'ar fafe kwanuka da injin da ake takawa da ƙafa, a ƙauyen Bucklebury. Injin ba shi da wuta ba shi da mai: doguwar sanda ce mai lanƙwasa a sama, da igiya da ta naɗe itacen, idan ya taka sai itacen ya juya, idan ya saki sai sandar ta mayar da shi. Daga guntun itacen "elm" guda ɗaya yakan fitar da kwanuka da yawa, ƙarami a cikin babba, don kada a yi asarar tsakiyar. Na daɗe a tsaye a wurin, domin kwanukan sun tuna mini da akushin kakata, har da sawun ƙarfe a jikinsu. Wato har tsakiyar ƙarni na 20 akwai wanda yake wannan aiki, kuma lallai yana da sunan kowane ƙarfe da kowane mataki na aikin a bakinsa.

A Portsmouth kuma akwai jirgin yaƙin sarki Henry na 8, Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka ciro shi a 1982. Laka ta kiyaye kayan da ke ciki, kuma yawancin abin da matuƙa suke ci da sha a ciki na itace ne, wasu ma da alamar mai shi an kankara a gindi. A York akwai titin da ake kira Coppergate, wanda mutane da yawa suke zaton daga tagulla sunan ya fito, alhali daga harshen Vikin ne, mutanen arewacin Turai da suka taɓa mamaye garin, ma'anarsa titin masu yin kofuna. Da aka yi haƙa a wurin tsakanin 1976 da 1981 an samu tarin ragowar itacen da ake yarwa bayan an fafe kofi, wanda ya tabbatar da sunan. Ita "treen" ɗin ta Malam Sanusi, masu tara kayan tarihi ne suka farfaɗo da ita, musamman Edward Pinto, wanda dubban kayan da ya tara suke hannun gidan tarihin Birmingham.

Isiyaku Masassaƙi:
Ina gaishe da malamai da Hajiya. Ni sassaƙa na gada, kafin in koyi kafinta, kuma abin da zan ƙara daga wurin aiki na san shi. Sunan abu gaba ɗayansa yakan daɗe, amma sunayen gaɓoɓinsa su ne suke fara ɓacewa, domin mai saye ba ya buƙatarsu, mai yi ne kaɗai yake kiran su. Kowa ya san gatari, amma yara da yawa a birni yau idan ka ce su miƙo ƙota sai su tsaya suna kallon ka. Ina so in sani ko haka abin yake a wurin Turawan. Shin suna da suna na musamman ga ƙota? Kuma shin suna ware itace ga kowane aiki, yadda muke neman ƙirya idan za a yi turmi saboda taurinta?

Dakta Bilkisu:
Malam Isiyaku, ka taɓo gindin maganar. Ƙota suna da ita, sunanta "helve", tsohuwar kalma ce tun daga zangon farko, kuma yau da wuya ka ji ta sai a cikin wani karin magana nasu da ke zancen mutumin da gatarinsa ya faɗa ruwa sai ya jefa ƙotar ta bi shi, wato wanda ya yi asara sai ya ƙara da abin da ya rage masa. Ƙotar doguwar laujensu ta yankan ciyawa sunanta daban, "snath". Gizagonku kuma shi ne "adze", daga "adesa".

Ƙafar keken doki ce ta fi nuna abin da ka faɗa. Cibiyarta "nave", sandunan da suka fita daga cibiyar "spokes", lanƙwasassun guntayen da suka kewaye su kuma "felloes". Kowanne da itacensa: cibiya da "elm" saboda ba ya tsagewa ko an huda shi ta ko'ina, sanduna da "oak" saboda ƙarfin ɗaukar nauyi, kewaye da "ash" saboda yana jure bugu yana ɗan lanƙwasawa. A cikin ukun nan "spoke" ce kaɗai kowa ya sani yau, kuma dalilin a fili yake: keken hawa ya gaje ta, ko da yake nasa na waya ne. Ita "nave" ta ɓuya a wani wuri mai ban sha'awa. Ƙarfen da ake huda ta da shi sunansa "nafogar", wato mashin cibiya, sai harafin farko ya zame ya manne da 'yar kalmar nan "a" da ke zuwa kafin suna, ta zama "an", kalmar ta zama "auger", mahudin da kafintoci suke riƙewa har yau.

Akwai wata da za ta yi maka daɗi. Babbar gudumar itace sunanta "beetle", daga kalmar da ke nufin duka, ba ta da alaƙa da ƙwaron da ake rubuta sunansa haka. Da ita ake dukan yadin lilin har ya yi santsi ya ɗauki sheƙi, aikin kuma ake ce masa "beetling". A Ireland ta Arewa an mayar da shi aikin injin da ruwa ke juyawa, kuma akwai guda a Wellbrook da aka adana don masu ziyara. Wannan shi ne bugun da ake yi wa rini a Kano, inda ake shimfiɗa zane a kan gungume ana dukansa da gudumar itace har ya yi ƙyalli. Babu wanda ya koya daga wani, zare ne yake amsa duka iri ɗaya a ko'ina.

Abdulƙadir:
A matsayina na mai aikin fassara, ɓangaren da ya fi jan hankalina shi ne na waɗanda suka rayu, domin kullum ina fama da su ba tare da na tuna itace ne ba. "Spoon" asalinta ɓarin itace ne, irin wanda gizago yake fitarwa. "Beam" bishiya ce sukutum, kamar "Baum" a Jamusanci, kafin ta zama azara, sannan ta zama tsinken haske. "Board" falle ne na katako, ya zama teburin cin abinci, ya zama mutanen da ke zama kewaye da teburin, shi ya sa yau nake fassara shi da hukumar gudanarwa. "Staff" sanda ce, ta zama ma'aikatan ofis, kuma mu ma mun bi irin wannan hanya da ɗan sanda da sandar girma, yadda allon makaranta ya zama allon waya, kujera kuma ta zama muƙami. "Log" gungume ne: matuƙan jirgi suna jefa guntun katako ɗaure da igiya mai ƙulle-ƙulle a ruwa, su ƙirga ƙullin da ya wuce kafin yashin agogo ya ƙare, su rubuta saurin jirgin a littafi. Littafin ya ɗauki sunan katakon, kuma daga nan ne kalmar shiga kwamfuta, "log in", ta samo asali. Na kuma taɓa jin cewa "square meal", wato cikakken abinci, daga farantin nan mai kusurwa huɗu ta fito.

Dakta Bilkisu:
Duk na yarda, Malam Abdulƙadir, ban da na ƙarshen. Labarin "square meal" yana yawo sosai, har masu yi wa baƙi jagora a tsofaffin jiragen ruwa suna faɗarsa, amma kalmar a Amurka aka fara ganin ta a rubuce a ƙarni na 19, lokacin da farantin ya riga ya bar yawancin gidaje, kuma "square" a can tana nufin abin da yake cikakke babu algus. Haka nan a yi hattara da batun cewa "book" daga itacen "beech" ta fito. Masana da yawa sun karɓa, saboda kalmomin biyu sun yi kama a Ingilishi da Jamusanci, wasu kuma suna da ja a kai, don haka a koyar da shi a matsayin ra'ayi mai ƙarfi kawai.

Wanda babu ja a kansa, kuma na fi so a ba ɗalibai, shi ne na "tally" da "stock". Baitulmalin Ingila ya yi ɗaruruwan shekaru yana ba da rasiɗi da sanda, galibi ta itacen "hazel". Idan mutum ya biya kuɗi sai a yi wa sandar tsaga gwargwadon adadin: faɗin tafin hannu fam 1,000, kaurin babban yatsa fam 100, kaurin ƙaramin yatsa fam 20, ƙwayar sha'ir fam 1. Sannan a tsaga sandar a tsaye gida biyu yadda kowace tsaga za ta bayyana a ɓangarorin biyu. Mai biya ya tafi da dogon ɓangaren, wanda ake kira "stock", kalmar da asalinta kututture ne, baitulmali ya riƙe gajeren, "foil". Ranar lissafi a haɗa su, kuma babu mai iya ƙara tsaga a nasa ba tare da ɗayan ya tona shi ba, domin jijiyar itace ba ta haɗuwa da wadda ba tata ba. An daina tsarin a 1826. A ranar 16 ga Oktoba 1834 aka ce a ƙone tarin tsofaffin sandunan a murhun da ke ƙarƙashin zauren majalisar dattawa, wutar ta fi ƙarfin bututun hayaƙi, ta cinye mafi yawan tsohon ginin majalisar. Ginin da ake gani yau a bakin kogin Thames a Landan shi ne aka gina a madadinsa.

Hajiya Rabi:
Kada a manta da kayan mata, don Allah, domin a nan ma an yi asara mai yawa. "Distaff" sanda ce da mai kaɗi take naɗa ulu ko zaren lilin a kai tana ja zuwa mazari, kuma ta shiga jinin harshen har dangin uwa ake ce musu ɓangaren "distaff", na uba kuma ɓangaren mashi. "Spinster" da ake rubuta wa macen da ba ta yi aure ba, asalinta mai kaɗi ce kawai. "Loom" ma da farko kowane irin kayan aiki take nufi kafin ta tsaya a kan masaƙa, shi ya sa kayan gado suke "heirloom". A Sikotland na ga muciya da idona, siririya, suna kiran ta "spurtle", da ita suke dama kunun hatsinsu na safe, har gasa suke yi duk shekara a ƙauyen Carrbridge inda kyautar ita ce muciyar zinariya. Ita wannan ba ta mutu ba, saboda har gobe suna damawa da ita.

Malam Sanusi:
Na gode wa kowa, kuma na janye rabin maganata. Na gamsu cewa "treen" da "trencher" da "felloe" ba mamaya ce ta kashe su ba, kayan ne suka bar hannun mutane. Amma ina riƙe da ɗaya rabin. Dakta ta fi ni sanin wani ɗan rubutu na ƙarni na 11 da ake kira Gerefa, wanda ya lissafa kayan da wakilin gona ya kamata ya tanada, tun daga kayan noma da na saƙa da na madafa har zuwa tarkon ɓera. A cikin jerin akwai kalmomin da masana har yau suke taƙaddama a kan abin da suke nufi. Ai ba a daina amfani da bokiti da matsefi da kayan saƙa a 1100 ba. Abin da ya ragu shi ne rubuta su da Ingilishi, domin an koma yin lissafin gidaje da gonaki da Latin da Faransanci na tsawon lokaci. Saboda haka ko da mamayar ba ta cire kalmomin daga bakin manomi ba, ta yanke mana hanyar da za mu bi mu gane wasunsu.

Dakta Bilkisu:
A wannan kam ba ni da ja, Malam. Ka raba mutuwar kalma a baki da ɓacewarta a takarda, kuma rabon daidai ne. Zan ƙara wa ɗalibinka abu ɗaya da zai iya taɓawa da hannunsa. Tiren da ake kawo shayi a kai daga "tray" yake, ita kuma tushenta ɗaya da "tree" da "trough", wato asalinta mazubi ne na itace, ko da yake namu na ƙarfe ne ko roba. Baro daga "barrow" yake, benci daga "bench", dukkansu tun daga zangon farko na harshen. Tan da ake auna hatsi da taki da shi kuma daga "tun" ya fito, babbar gangar katako wadda da yawanta ake ƙiyasta abin da jirgin ruwa zai iya ɗauka.

Isiyaku Masassaƙi:
Dakta, wannan "trough" ɗin, idan na fahimta, shi ne komin da muke fafewa daga gungume guda don shayar da dabbobi. Mahaifina ya yi su da yawa, kuma akwai guda ɗaya da ya rage a gidanmu na ƙauye wanda ba a zuba masa ruwa yanzu, tunda an koma yanka tsohuwar ganga. Idan na je ranar Juma'a zan ɗauko hotonsa tare da gizagon da aka fafe shi da shi, in kuma zauna da baffana ya faɗa mini sunan kowane ƙarfe da ke cikin jakar aikinsa, in rubuto muku su a nan yadda ya faɗe su.